Hular Buhun Bana

Alhamis, 24 ga Satumba 2009, da hantsi

Kai da ka buɗe wannan ba da izinina ba, bari in tambaye ka: ka taɓa sa wuyanka ƙarƙashin buhun albasa mai hula? In ba ka taɓa ba, kama bakinka ka karanta. Kar ka zo mini da "haƙuri". Haƙuri ya cika gidanmu har ya rasa wurin zama.

Ni ne Mahadi ɗan Sha'ibu. Ɗinkin buhu nike yi a tashar albasa ta Sabon Gida. Basilla da igiya, su ne gonata.

In buhu ya cika ya kai baki, ba a rufe shi. Sai a tsiba wata albasa a bisa, a lulluɓe ta da yankin tsohon buhu, a ɗinke. Ita ce hula. Mai saye kuɗin buhu yake biya, hula kyauta ce. An ce ta ruɓar hanya ce, ta rama abin da zai lalace kafin Kumasi ko Abijan. To, mun yarda. Haka na tarar tun ina yaro, kuma hula ba ta taɓa wuce taƙi guda ba.

Bana hula ta kai kamu. Daga gwiwar hannu har kan yatsa. Jiya na ɗinka wata da sai da na taka dutse.

Wai kuɗin buhu bai sauka ba. Alhaji Hamani, babban dillalin tasha, wanda ba kamiyon da ke lodi sai da cewarsa, yana ta rantsuwa: "Ni ban rage ma kowa dala ba!" Gaskiyarsa. Bai rage dala ba, buhun ya ƙara ma tsawo. In ka yi magana ya ce, "Kiriz ce, ɗiyana. Duniya duka ta kama." Kalmar nan kiriz, wai karyewar arzikin duniya, bara bai san ta ba. Bana da ita yake kurkure baki.

Juma'a, 25 ga Satumba, bayan masallaci

Kamiyo ɗaya, shi ma rabi. Warhaka bara, don yawansu, sai ka rasa inda za ka tsallake gudro, titin kwaltar nan.

Lahadi, 27 ga Satumba, la'asar

Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko. Sauran karatuna a jikin takardar ƙunshin tsire na tsince shi, da tsofaffin jaridun da malaman lakwal ke zubarwa. Faransancina gurgu ne, amma yana kai ni inda za ni. Tun bara nike bin labarin nan, rabi a jarida rabi a radiyo, ga abin da na gane.

Wasu masu banki a Amurka sunka ba mutane gidaje bashi, alhali sun san ba su iya biya. Sai sunka tara basussukan sunka ɗura a buhu, masu kyau a baki, ruɓaɓɓu a tsakiya, sunka ɗinke, suna saida ma juna. Jama'a, wannan ai sana'armu ce! A tashar nan in anka kama ka da irin wannan aiki, da takalmi a hannu za ka bar gari. Su kuwa da wari ya tashi, gwamnatinsu ta zo ta saye buhunan, ta shafa kansu, ta ce kar su ƙara.

Ruɓar ba ta ɓace ba, gangarowa ta yi. Kuɗin Gana ya faɗi, naira ta faɗi, mai saye ya zo aljihu a tsuke. Shi ba ya yarda da asara, ya tura ma dillali. Dillali ya tura ma manomi. Kamar ruwan da ke saukowa daga duwatsun Buza ne: ba ya tsayawa sai ya iske wanda ba kowa ƙasa da shi.

Na nuna ma Illa hoton wani Bature da anka kora daga banki, ya rungumi kwali yana tahiya. Illa taubashina ne, ɗan kawuna, tare muke ɗinki. Bahago ne, kuma bakinsa ya fi basillarsa tsini.

"Mushe," haka yake kirana, kamar malamin lakwal, don ya ɓata mini rai, "wanga shi ne talakansu? Da kwat da takalmi sau-ciki?"

"Shi ne."

"Duba kwalin nan nasa, ko hula babu. Allah ka ba ni talaucin Amurka ko na sati guda, in yi ƙiba."

Na yi dariya ban so ba.

Talata, 29 ga Satumba, azahar

Rudu biyu Baba ke da su bayan gida, 'yan ɗakunan kara bisa ƙafafun icce, inda albasa ke shan iska tun girbin bazara. Babban na sayarwa ne. Ƙaramin na iri ne, ko Inna ba ta taɓa ƙyaurensa. Albasar da ke ciki Baba ya zaɓe ta ɗaya-ɗaya tun tana fangali: mai duhun ja, mai siririn wuya, wadda ke ƙetare damina ba ta yi ruwa ba. Ba ya yanke mata wuya kamar sauran. Barinsa yake da tsawo, ya ƙulle su biyu-biyu, yadda ubansa ya yi, yadda kakansa ya yi. In sanyi ya shigo a dasa su, su yi fure, su ba da irin baɗi. Tun daga Deule mutane ke zuwa roƙon cikin cokali. In irin nan ya fita hannunmu, sai mu koma sayen na gwangwani, wanda albasarsa ke narkewa a rudu kafin ruwan fari.

Damina ta ci amana. Hatsinmu ya tsaya a gwiwa ya bushe. Shekaranjiya na ji ƙoƙon Inna na kankarar gindin rumbu.

Shi ya sa yau Baba ya ɗauki sanda ya tahi wurin Alhaji Hamani, ni ina bayansa. Alhaji ya ce hatsi zai ba shi, yau-yau, a madadin buhu talatin na albasa, a kwashe ranar da ya shirya. Baba ya lumshe ido. Na san rudunsa yake aunawa a zuci. Tun kafin a haife ni yake auna rudu da ido, bai taɓa kuskure ba. Amma da tsohuwar hula yake awo. Ciwon ƙafa ya hana shi taka tasha tun kafin azumi, bai ga ta bana ba.

Na ce, "Baba, hular bana fa..."

"Manya na magana, yaro," in ji Alhaji, yana murmushi.

Baba ko kallona bai yi ba. Ya miƙa hannu ya ce, "Na sallama."

A nan, in dattijo ya ce na sallama gaban shaidu, ko alƙali ba ya kwance ta.

Hatsin ya riga mu isa gida. Inna ta dama hura mai kauri. Na sha. Allah ya isa, na sha har na ƙara.

Laraba, 30 ga Satumba, sassafe

Na tare Baba a bakin rijiya, na nuna mishi tsawon hular da hannuna. Ya ce, "Ni da Hamani rana ɗaya anka yi mana kaciya. Ba ya yi mini haka."

To.

Alhamis, 1 ga Oktoba, da hantsi

Mutanen Garhanga sun fara saukowa da tabarmi a kai, tun lokacin cin rani bai yi ba. Nasu hatsin ko gwiwa bai kai ba. Suna ɗaukar buhu mai hular kamu a rabin ladan dako. Yau ɗaya ya durƙushe, buhu ya danne shi. Da anka ɗaga mishi, abin da ya fara cewa, "Alhaji, yi haƙuri." Shi ke ba da haƙuri!

Alhaji kuwa hotonsa ya fito a bangon tasha. Kujerar konseye, wato kansila, yake nema a ofishin magajin gari. Tun da anka yi zaɓen tazarce Turawa sunka ɗaure bakin jaka, ga kiriz ɗinsu can gida tana cin su. Projen da ke ba manoma taki da iri ya kulle ƙofa, ya bar mana allo. Alhaji ya ce shi zai maye gurbin proje. Ƙarƙashin hoton an rubuta "Uban Manoma". Wata akuya ta miƙe bisa ƙafa biyu ta cinye rabin rubutun. Akuyar nan ta fi mu karatu.

Asabar, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

An kwashe.

Ba ni rubuta sauran.

Lahadi, 4 ga Oktoba, da hantsi

Babban rudu ya ƙare tas. Buhuna sun cika baki, amma shida na ƙarshe kansu a buɗe, ba abin yi musu hula.

Ba abin da zan ce game da asawakin da Alhaji ya ciro daga bakinsa ya nuna ƙaramin rudu da shi. Ba abin da zan ce game da shaidun da sunka ga tururuwa a ƙasa sunka tsaya ƙirga ta. Ba wanda ya ɓalle ƙyaure, kar a yi ma kowa ƙarya. Baba da hannunsa ya kwance igiyar. Ya riƙa miƙo su biyu-biyu, kamar mai miƙa jarirai. Da anka gama ya dube ni ya ce, "Ɗinka."

Ita ce kalma ta ƙarshe da na ji daga bakinsa.

Ba abin da zan ce game da wanda ya ɗinka.

Abu ɗaya dai: buhunan nan shida, kowane na ƙarasa ɗinkinsa da ƙulli biyu. Suna nan ƙarƙashin rumfar tasha. Mutumin Kumasi bai cika kamiyonsa ba tukuna, an ce kuɗinsa yake jira. Muddin kamiyon bai tashi ba, irin Baba yana Sabon Gida.

Litinin, 5 ga Oktoba, azahar

Baba ya wuni yana share ƙaramin rudu. Ba komi ciki. Yana sharewa.

Laraba, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Na tahi gidan Alhaji. Na iske shi a rumfar ƙofar gida, ya jingina da bangon mangazarsa ta ajiyar kaya, samari kewaye da shi da riguna masu hotonsa, ana dafa shayi. Na tuɓe takalmi. Na durƙusa. Allah ya gani, na durƙusa.

"Alhaji, barka da hutawa."

"A'a, ɗan Sha'ibu! Ina tsohon? Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi. Alhaji, hulunan nan shida na zo roƙo. A bar ni in kwance su, in nemo wata albasa in maida. In yi maka ɗinki kyauta har girbi."

Ya kurɓi shayi, ya daɗe yana tauna shi kamar nama.

"Ɗana, kaya sun bar hannuna. Na mutumin Kumasi ne. Ni mi nike da shi ciki? Ni ma kiriz ta cinye ni. Nairar da na aje a Illela ta narke kamar man shanu a rana. Ka ji ina kuka?"

"To wa za ni roƙa, Alhaji?"

"An ce kai mai karatu ne. Rubuta ma Amurka."

Samarin sunka fashe da dariya, har ɗaya ya ƙware. Ni kuwa bakina ba ya shawara da ni.

"In na rubuta, Alhaji, in sa sunan gidanka, don su san inda ruɓarsu ta sami masauki?"

Dariya ta ɗauke kamar ruwan bana. Ya aje kofi.

"Bakin nan zai kai ka inda ƙafa ba ta maido ka. Tashi. Ka gaida Sha'ibu."

Ban gaida shi ba. Ko na gaida, wa zai amsa?

Alhamis, 8 ga Oktoba, la'asar

Na tsinci ruɓaɓɓiyar albasa a jujin tasha, baƙa, tana ruwa. Na naɗe ta a leda. Tana aljihuna.

Guda ɗaya a tsakiyar buhu, ƙarƙashin tampol, cikin zafin hanya, ta isa ta kashe buhun. Buhu ya kashe maƙwabcinsa. Kafin Kumasi kamiyo ya zama miya. Kuma jujin nan cike yake da 'yan'uwanta, ni kuwa kowane buhu ta hannuna yake bi. Su masu banki ba haka sunka yi ba? Wa ya ɗaure su?

Ina son in ga fuskar Alhaji ranar da salula za ta yi kuka daga Gana. Ina son in ga asawakin nan ya faɗo daga bakinsa. Ina son masu kamiyo su juya mishi baya, samarinsa su maida rigunansa tsumman goge babur. Ina son ya zo ya durƙusa inda na durƙusa, in tauna shayi.

Juma'a, 9 ga Oktoba, da hantsi

Inna ta tare ni a zaure.

"Mahadi, mi ke wari a jikinka?"

"Aiki ne, Inna."

"Warin aiki na san shi, tun kafin ka zo duniya nike wanke shi. Wanga warin mugun nufi ne." Ta miƙo hannu. "Kawo."

Na dafe aljihu.

"Cikin kamiyon nan akwai albasar kawunka. Akwai ta Fatsima mai takaba, da ita za ta ciyar da marayu. In ta ruɓe a hanya, kan Hamani za a ɗora? Cewa za a yi albasar Sabon Gida ba ta kai hanya. Baɗi sai hula ta kai mutum tsaye, kai kuma ka ɗinka."

"To in zauna in share rudu ni ma?"

Ta mare ni. Tun ina ɗan aji biyu rabon da ta mare ni. Sannan ta juya ta shiga gida tana gyara kallabi.

Ban ba ta ba. Ban kuma sa ba. Tana nan aljihuna.

Lahadi, 11 ga Oktoba, azahar

Baba yana cin abinci in an aje. Yana salla. Liman ya zo ya zauna da shi, ya yi ta magana shi kaɗai, ya tashi.

Ya share rudu.

Talata, 13 ga Oktoba, sassafe

Jiya anka ce kuɗin mutumin Kumasi sun iso, kamiyo zai tashi jibi. Da anka sallame asuba na wuce tasha da wuƙa a ƙugu. Na ce in kwance hulunan, in kwashi abinmu, in ana ɗauri a ɗaure ni. Jandarma ma ɗan manomi ne.

Na sami buhunan. Na shafa ɗinkin. Ba nawa ba ne. Ƙulli ɗaya, kuma zaren daga hagu ya taso. Na farke ɗaya: albasa ce ta kowa da kowa, wuya a yanke.

Bahago ɗaya ne a tashar nan.

Na iske shi wurin mai koko. Da ya ga fuskata ya aje ƙoƙon.

"Illa, wa ya taɓa ɗinkina?"

"Zauna, Mushe."

"Ba ni zama. Wa ya taɓa ɗinkina?"

"Ranar da anka kawo su, kai kana tahiya gida, Alhaji ya sa ni kwancewa. Ya ce in wani ya ji, in nemi wata tasha. Ɗiyana uku, Mahadi. Hatsina ka gan shi."

"Ina irin?"

"Mangazarsa."

Mangazarsa. Bangon da ya jingina da shi ranar da na durƙusa. Irin Baba na bayan ƙeyarsa yana ce mini in rubuta ma Amurka.

Na ɗaga hannu. Illa bai kare ba, ya rufe ido kawai. Na sauke. Taubashi da wasa ake dukansa, in da gaske ne zumunci ke jin ciwon.

Yanzu na tuna. Shekara da shekaru Alhaji ke bin Baba ya saida mishi irin nan gaba ɗaya, Baba na dariya yana cewa gado ba ya shiga kasuwa. Ya san hular bana. Ya san idon Baba da tsohuwar hula yake awo. Ba shi ya kawo kiriz ba, na yarda, ƙila nairarsa ta narke da gaske. Amma da ta zo ta iske shi tsaye a bakin ƙyaurenmu, ya daɗe yana jira.

Laraba, 14 ga Oktoba, la'asar

Na zagaya mangazar nan. Ƙofar ƙarfe, kwaɗo biyu, kare. Na daɗe ina kallon rufin. Ashana tana aljihun hagu, ruɓaɓɓiya tana na dama.

Amma abinmu ne a ciki. Ko ƙona shi ya hana ni.

Alhamis, 15 ga Oktoba, da hantsi

Kamiyon Kumasi ya tashi, hulunansa na rangaji kamar 'yan biki.

Ƙurarsa ba ta kwanta ba mai shela ya biyo da kalangu: Uban Manoma ya ji kukan talakawa. Tunda proje ya gudu, tunda kiriz ta hana mutane sayen iri, jibi Asabar a filin lakwal Alhaji Hamani zai raba albasar iri kyauta, fi sabilillahi. Kowa ya zo da ƙwaryarsa da katin zaɓensa.

Na zauna bakin gudro na yi ta dariya har Illa ya zo ya riƙe ni.

Asabar, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Rumfa, kujerun roba, lasifika, mawaƙa. Manyan baho-baho a jere gaban tebur. Ko ƙullin bai wahalar da kansa ya kwance ba. Biyu-biyu, wuya da tsawo, masu duhun ja. Duk wanda ya taɓa roƙon cikin cokali a gidanmu ya gane su. Na ga idanu na haɗuwa suna rabuwa. Mai yunwa ba ya tambayar sunan mai tukunya.

Alhaji ya yi jawabi. Ya ce manyan ƙasashe sun ceci bankunansu, shi kuwa manomansa zai ceta. Anka yi tafi. A nan kam bai yi ƙarya ba, aikinsu ɗaya: a kwashe naka, a sammaka, ka yi godiya.

Sai na ga mutane na darewa. Baba ne. Ya sa farar rigarsa ta Salla, sanda a hannun dama, ƙwarya a na hagu. Ya bi layi, bayan wani yaron da shi ya koya ma yin fangali.

Na ruga na kama hannun rigarsa.

"Baba, don Allah. Don darajar kabarin ubanka. Mu tahi gida."

Ya dube ni. Sati biyu ban ji muryarsa ba, ta dishe kamar tsohon ƙyaure.

"Sake ni, Mahadi. Sanyi ya kusa. Iri bai san mitin ba, ƙasa ya sani."

Na sake shi.

Da layi ya kawo kansa, Alhaji ya miƙe ya buɗe hannuwa, ya jawo lasifika kusa da baki.

"Malam Sha'ibu! Abokina na ƙuruciya! Ku cika mishi. Ku yi mishi hula!"

Sunka tsiba mishi. Mai hoto ya ɗauka. Baba ya ce, "Na gode, Alhaji." Ta lasifika ta fito, gari duka ya ji.

Na gode, Alhaji.

Na gode.

Lahadi, 18 ga Oktoba, azahar

Fatsima mai takaba ta aiko ma Baba da nata rabon irin a rufe da faifai. Wasu tsofaffi biyu ma sun kawo da kansu, sun kasa haɗa ido da kowa. Sauran gari shiru. Baba ya maida musu. Ya ce, "Ku dasa. In nawa ya mutu in san ƙofar da za ni buga."

Inna ta yi kuka. Ni ban yi ba. Da mutane ke buga ƙofarmu.

Litinin, 19 ga Oktoba, da hantsi

Mun dasa. Fangali ɗaya da rabi, inda da muke cika gefen garka guda. Baba na kwance ƙullin yana tura su ƙasa da babban yatsa, yana yi musu magana a hankali. Ni na ja ruwa.

Kar ka ce labari ya yi kyau, kai mai karatu. Kar ka ce ai ga shi iri bai ɓace ba. Abin da anka raba a fili rabin abin da ya fita rudunmu ne, ni na ɗinka, na san yawansa. Sauran na garkar Alhaji, an ce tun jiya 'yan Garhanga ke yi mishi fangali. Baɗi shi zai saida ma mutanen Deule irin Sha'ibu, da sunan wani.

Talata, 20 ga Oktoba, la'asar

Wai yau zaɓen 'yan majalisa. Ban je ba. Na riga na ga yadda ake zaɓe ran Asabar.

Alhamis, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Kamiyo biyu sun iso daga Abijan, da gaggawa, direbobi na ta danna oda. Albasa tsibi-tsibi a ƙasa, buhuna a buɗe, rana na dukanta. Yaron Alhaji ya ce a fara ɗinki. Ni ban tashi daga inda nike zaune ba.

Illa ya tashi. Ya je gindin rumfa ya kafa basillarsa a jikin ginshiƙi, da hannun hagun nan nasa, har ta nutse. Ya dawo ya zauna kusa da ni.

"Mushe, yau lakwal ɗinka za ni shiga. Koya mini zama."

"Ɗiyanka uku fa?"

"Sun ce in gaishe ka."

Sauran maɗinka sunka kalli juna. Ɗaya ya tashi ya kafa tasa, sannan wani. Ba duka ba, biyu sun sulale ta bayan rumfa, na san su, na aje su a zuci. Mutumin Garhangan nan da buhu ya danne ya cire gammonsa ya zauna a kai. 'Yan'uwansa sunka bi shi, su da ba su da ko tiyar hatsi a gida. Ban san kwana nawa za su iya ba. Ƙila gobe ma ba su kai ba. Albasar da ke ƙasa ita ma ba ta da kwana da yawa, kuma wannan karon tun a hannun Alhaji take.

Ni buhu ɗaya na ɗinka yau. Na cika shi, na yi mishi hular bana, kamu cur, ban rage ba ban ƙara ba. Munka mirgina shi tsakiyar tasha, daidai ƙarƙashin hoton da akuya ta ci. Na ciro ledar nan daga aljihu, ta zama ruwa, na ɗora ta a bisa. Aljihuna ya huta. Sannan na kafa tawa basillar kusa da ta Illa.

An ce Alhaji ya aiko a gaya mini in zo gida mu yi magana ta ɗa da uba. Ba ni zuwa. Na taɓa zuwa.

Alhaji Hamani, da kai nike. Ba a zaure ba, ba a rumfar shayi ba. Gobe in an sauko Juma'a, ka zo tasha, ka zo da lasifikar nan da ka sa ubana ya yi maka godiya a cikinta. Liman zai zo, shaidunka masu ƙirgar tururuwa za su zo, Fatsima za ta tsaya daga nesa ta ji. Baba ya ce shi ba ya zuwa, yana ban ruwa, amma garkarmu ba ta da nisa, lasifika na kaiwa. Ka tuɓe babbar riga, ka sa wuyanka ƙarƙashin buhun nan, ka kai shi bakin kamiyo. In ka kai, ni zan fara zare basilla. In ba ka kai ba, ka faɗa da bakinka kamu nawa wuyan talaka ke ɗauka.

Sannan ka fuskanci jama'a ka amsa mini wannan, da ƙarfi, yadda mutanen Garhanga na baya za su ji: kai da ka ce Amurka ce, kiriz ce, duniya ce, wane Ba'amurke ne ya ciro asawaki daga bakinsa ya nuna rudun Sha'ibu?